Yadda Ake Saita Ma'aunan Raba Gardama da Karanta Teburin Gasar Darar Ces a Manhaja

A duk gasar darar ces da aka shirya a Jos, ko a zauren makaranta ne ko a ɗakin taro na otal, akwai lokacin da hankalin kowa yake tashi, wato bayan an tashi daga zagayen ƙarshe. 'Yan wasa sun kewaye teburin alƙali, waɗanda suka zo daga Bauchi ko Lafiya ko Abuja suna ta duban agogo don kada dare ya yi musu a hanya, iyayen yara suna tsaye da rigunan sanyi a hannu, sai a duba a ga mutum uku sun tashi da maki iri ɗaya alhali kofi ɗaya ne. A nan ne ake jin ana cewa a bar wa kwamfuta ta raba gardama. Abin da nake so mai shirya gasa ya riƙe tun daga nan shi ne cewa kwamfuta ba ta da hukuncin kanta. Jerin ma'aunan da aka ba ta kafin a fara wasa shi take bi, kuma idan aka sauya tsarin jerin, wanda ya zo na biyu zai iya komawa na uku ba tare da an motsa ko soja ɗaya a kan allo ba.

Dalilin da ya sa kunnen doki ya yi yawa a ces yana cikin tsarin gasar kansa. Yawancin gasanninmu ana yin su ne bisa tsarin Suwis, wanda aka fara amfani da shi a gasar ces a birnin Zurik a 1895, inda ba a fitar da kowa, kuma a kowane zagaye ana haɗa masu maki iri ɗaya ko na kusa da juna, ba tare da mutum biyu sun sake karawa ba. Nasara maki 1 ce, canjaras rabin maki, faɗuwa kuwa babu komai. Zagaye 5 sun isa su fitar da mutum ɗaya tilo mai cikakken maki daga cikin 'yan wasa 32, zagaye 6 daga cikin 64, zagaye 7 daga cikin 128, amma wannan lissafin na matsayi na farko ne kawai, kuma da zarar canjaras ya shigo sai ya rikice. Daga na biyu zuwa ƙasa kuwa, cunkoso ne kusan kullum.

Manhajar da za a yi aiki da ita

Wadda aka fi gani a hannun alƙalan Nijeriya ita ce Swiss-Manager, wadda Heinz Herzog ɗan ƙasar Ostiriya ya rubuta, tana aiki a kan Windows, ana sayen lasisinta, kuma ita ce ke aika sakamako kai tsaye zuwa shafin Chess-Results da 'yan wasa suke buɗewa a wayoyinsu. Akwai kuma Vega ta Luigi Forlano ɗan Italiya, wadda ita ma hukumar ces ta duniya, wato FIDE, ta amince da ita. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga Swiss-Manager, sai dai ma'aunan da lissafinsu iri ɗaya ne a ko'ina, domin daga kundin dokokin FIDE aka ɗauko su. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa shi ne a sabunta manhajar kafin ranar gasa. FIDE ta sake fasalin dokokin raba gardama a 2023, ta kuma yi musu gyare-gyare daga baya, don haka tsohuwar manhajar da aka sauke shekaru biyar da suka wuce za ta iya ba ka lissafin da dokar yanzu ba ta san da shi ba.

Aikin da ake yi kafin a zauna a kan allo

Idan ka buɗe sabon fayil, manhajar za ta tambaye ka irin gasar: Suwis ce ta ɗaiɗaikun mutane, ko ta kowa ya kara da kowa, ko ta ƙungiyoyi. Ka natsu a wannan wurin, domin kowane iri da nasa fayil da nasa ma'aunai. Sai ka shigar da sunan gasa, wurin da ake yi, ranakun farawa da gamawa, adadin zagaye, tsawon lokacin da aka ba kowane ɗan wasa, da sunan babban alƙali.

Wajen shigar da 'yan wasa, ka fara sabunta jerin kimar FIDE a cikin manhajar (kima ita ce lambar da ke nuna ƙarfin ɗan wasa), wanda hukumar take fitarwa a farkon kowane wata, sa'annan ka riƙa zaɓo mutane daga ciki maimakon ka rubuta da hannu. Wanda yake da lambar shaida ta FIDE, a neme shi da lambar, domin sunaye suna yaudara. A gasar ɗalibai ba abin mamaki ba ne a samu yara biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma idan aka rubuta wa ɗaya nasarar ɗan uwansa, kuskuren zai shiga lissafin duk wanda ya kara da su biyun. Ka ƙara shekarar haihuwa da sunan makaranta ko kulob, ka sa alamar mata a gurbinta, ka kuma sa alamar rukuni ga 'yan ƙasa da shekara 12 ko 16 idan akwai kyauta tasu ta daban. Wannan ɗan aikin na daren jajibiri shi ne zai ba ka damar fitar da teburin mata ko na yara da latsawa ɗaya a ranar ƙarshe.

Saita ma'aunan

A jerin umarnin da ke saman fuskar manhajar, ka shiga Input, ka zaɓi Set Up Tournament, sa'annan ka buɗe shafin da aka rubuta wa Tiebreaks. Za ka ga dogon jerin ma'aunan da manhajar ta sani, da kuma gajeren jerin waɗanda aka zaɓa wa wannan gasar. Ka fara duba gajeren jerin tun kafin ka taɓa komai, domin ba lallai ne ka same shi fayau ba, musamman idan ka kwafi fayil ɗin wata gasa da ta gabata. Ka cire abin da ba naka ba, ka ɗauko naka ɗaya bayan ɗaya, ka jera su yadda takardar sanarwar gasa ta faɗa. Na sama shi ake fara dubawa, kuma ba a sauka zuwa na biyu sai na farko ya kasa rabawa.

Na taɓa ganin illar sakaci da wannan a wata gasar makarantu da na yi wa alƙalanci a nan Jos. Takardar da muka raba wa malamai ta ce karawar kai da kai ce ma'auni na farko, amma fayil ɗin da na gina gasar a kansa yana ɗauke da wani tsari daban, ban kuma duba ba. Da aka gama, tebur ya ɗora wani yaro a kan wata yarinya da ta doke shi a zagaye na huɗu. Malaminta ne ya zo da takardar a hannu, cikin ladabi, ya ce, "Malam, a taimaka a sake dubawa, abin da ke nan da abin da ke bango ba su yi daidai ba." Gaskiyarsa ce, aka gyara, amma yaron ya riga ya kira gida ya shaida musu cewa shi ne na ɗaya, kuma har yau ina tuna yadda ya koma ya zauna shiru. Tun daga ranar ba na fara zagayen farko sai na ɗora takardar sanarwa kusa da kwamfuta na karanta ma'aunan layi bayan layi.

Ga abin da kowane ma'auni yake aunawa. Karawar kai da kai, wadda manhajar ke kira Direct Encounter, tana duba sakamakon da masu maki ɗaya suka samu a tsakaninsu. Mutane suna son ta domin ba ta bukatar dogon bayani: wanda ya doke ka ya sha gabanka. Rauninta shi ne a tsarin Suwis sau da yawa waɗanda suka yi kunnen doki ba su haɗu ba, ko kuma wasu sun haɗu wasu ba su haɗu ba, sai ka ga an rubuta sifiri a gaban kowa an wuce zuwa ma'auni na gaba. Ganin sifirin ba alamar lalacewar manhaja ba ne.

Ma'aunin Buchholz, wanda ya ɗauki sunan Bruno Buchholz na Jamus kuma aka san shi tun 1932, shi ne ginshiƙin gasar Suwis. Ana tara makin ƙarshe na duk waɗanda ka kara da su, ko ka ci su ko sun ci ka, domin a gane wanda ya bi ta hanya mai ƙaya da wanda ya bi ta mai sauƙi. Yana da rassa. Wanda ake kira Cut 1 yana zubar da abokin karawa mafi ƙarancin maki kafin a tara, shi kuwa Median yana zubar da mafi ƙaranci da mafi yawa gaba ɗaya. A Swiss-Manager ana zaɓar Buchholz mai sauyawa, sai a buɗe akwatin saitinsa a rubuta adadin na ƙasa da na sama da za a zubar, kuma ana iya ɗauko shi sau biyu, sau ɗaya da yankewa sau ɗaya cikakke. A ganina yanke na ƙasa ɗaya ya fi adalci a gasanni irin namu, domin a zagayen farko ba kai ka zaɓi abokin karawarka ba, lambar farawa, wato lambar da aka ba kowa a jerin farkon gasa, ita ce ta haɗa ku, kuma bai kamata a rage wa mutum daraja don kawai an haɗa shi da sabon shiga da bai samu maki ko ɗaya ba har ƙarshe.

Sonneborn-Berger ya bambanta da wancan ta fuskar cewa yana duba abin da ka yi da kowane abokin karawa. Wanda ka doke, za a ba ka makinsa duka, wanda kuka yi canjaras a ba ka rabin makinsa, wanda ya doke ka kuwa ba ka samun komai daga gare shi. Wurinsa na asali shi ne gasar kowa da kowa, inda Buchholz ba shi da amfani tun da duk mutane ɗaya aka kara da su. Sai kuma yawan nasara, wanda yake da fuska biyu da ya kamata a rarrabe: wanda ake yi wa alamar WIN yana ƙirga har da nasarar da aka samu ba tare da an buga ba, shi kuwa WON nasarar kan allo kawai yake ƙirgawa. Akwai yawan wasannin da mutum ya buga da baƙaƙe, bisa la'akari da cewa mai farare shi ke fara motsi. Akwai tarin maki zagaye bayan zagaye, wanda yake fifita wanda ya fara da ƙarfi. Akwai kuma matsakaicin kimar abokan karawa, wanda ba na ba da shawarar a sa shi a gasar da take cike da 'yan wasan da ba su da kima a FIDE, domin lissafin zai dogara ne a kan lambar da aka ƙirƙira musu.

Misali ɗaya da alƙalami

Mu ɗauka an yi zagaye 5, zakara ya tashi da maki 4½, sai mutum biyu, mai lamba 3 da mai lamba 7, suka tashi da maki 4 kowannensu, kuma ba su haɗu ba. Mai lamba 3 ya ci wasa huɗu ya faɗi ɗaya a hannun zakara a zagaye na uku, kuma waɗanda ya kara da su sun ƙare da maki 1, 3, 4½, 3 da 3. Mai lamba 7 bai faɗi ko sau ɗaya ba, ya ci uku ya yi canjaras biyu, ɗaya a zagaye na biyu da wanda ya ƙare da 3½, ɗaya a zagayen ƙarshe da zakara, kuma abokan karawarsa a jere sun ƙare da 2, 3½, 2, 3 da 4½.

A cikakken Buchholz, mai lamba 3 yana da 14½, mai lamba 7 yana da 15, don haka mai lamba 7 ne na biyu. Idan aka yanke na ƙasa ɗaya, za a cire 1 daga na farko ya rage 13½, a cire 2 daga na biyun ya rage 13, sai matsayi ya juya ya koma hannun mai lamba 3. A Sonneborn-Berger mai lamba 3 yana da 10, domin wasan da ya faɗi bai kawo masa komai ba, shi kuwa mai lamba 7 yana da 2 da 1¾ da 2 da 3 da 2¼, jimilla 11. A yawan nasara mai lamba 3 ne a gaba da huɗu a kan uku. A tarin maki zagaye bayan zagaye, na farko yana da 1, 2, 2, 3, 4, wato 12, na biyun yana da 1, 1½, 2½, 3½, 4, wato 12½. Ma'aunai biyar ke nan, uku sun ba mai lamba 7, biyu sun ba mai lamba 3, kuma babu wanda za a ce ƙarya ne a cikinsu. Shi ya sa dokar FIDE ta bukaci a bayyana jerin tun kafin a fara gasa, domin duk wanda ya zaɓi ma'auni bayan ya ga sakamako, mutum ya zaɓa, ko da bai yi niyya ba.

Manyan gasanni ma da haka ake raba su. A gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya da aka yi a Landan a 2013, Magnus Carlsen da Vladimir Kramnik sun tashi da maki 8½ cikin 14 kowannensu, wasanninsu biyu sun ƙare canjaras, sai yawan nasara ya ba Carlsen, biyar a kan huɗu, kuma a ƙarshen wannan shekarar ya karɓe kambun duniya daga hannun Viswanathan Anand.

Ga gasar Suwis ta kwana ɗaya ko biyu, mai zagaye 5 zuwa 7, jerin da na fi natsuwa da shi shi ne Buchholz mai yanke ɗaya, sai cikakken Buchholz, sai Sonneborn-Berger, sai karawar kai da kai, sai yawan nasara. Idan gasar yara ce da iyaye za su nemi bayani, sa karawar kai da kai a farko yana rage surutu ƙwarai. Ga gasar kowa da kowa kuwa, a fara da kai da kai, sai yawan nasara ko Sonneborn-Berger. A kuma rubuta abin da za a yi idan duk suka gaza: ƙuri'a ce, ko wasan gaggawa, ko wasan yanke hukunci da ake ba mai farare ƙarin lokaci amma canjaras ya zama nasarar mai baƙaƙe.

Zagayen da ba a buga ba

Nan ne lissafi ya fi rikicewa, kuma nan ne yanayin garinmu ya fi shigowa. Gasar ƙarshen mako a Jos takan ci karo da sallar Juma'a ga wasu, da sujadar safiyar Lahadi ga wasu, ga kuma ɗaliban jami'a da jarrabawa kan riƙe, don haka neman hutun zagaye abu ne da aka saba. Akwai hutun da manhaja take bayarwa da kanta idan adadin 'yan wasa mara ne, wanda yawanci cikakken maki ne. Akwai hutun da mutum ya nema tun da wuri, wanda ake ba rabin maki idan dokar gasa ta yarda, ko kuma sifiri. Akwai makin ɓagas da ake samu idan abokin karawa bai zo ba. Akwai kuma wanda ya janye gaba ɗaya.

Kowane ɗaya da yadda ake shigar da shi, kuma ba a musanya su. Idan mutum bai zo ba, kada a rubuta 1 da 0 kamar an buga, a zaɓi alamar rashin zuwa, wadda take fitowa da alamar tarawa ga wanda ya zo da alamar ɗebewa ga wanda bai zo ba. Bambancin yana da nauyi, domin wasan da ba a buga ba ba ya shiga lissafin kima, ba ya shiga ƙidayar launi, wato sau nawa mutum ya riƙe farare ko baƙaƙe, kuma mutanen biyu za su iya haɗuwa a wani zagaye. Wanda ya nemi hutu kuma, a cire shi daga wannan zagayen kafin a latsa haɗawa, kada a bari sai an haɗa shi sa'annan a ce bai zo ba, domin hakan yana hana wani wasa ya kuma ba shi makin da bai yi wa gumi ba.

Kafin 2023 ana cike irin wannan gibi da wani abokin karawa na boge da ake ƙirƙiro masa maki ta wani lissafi mai wahalar bayani. Dokar 2023 ta soke shi, ta kawo tsarin da ya ginu a kan makin ɗan wasan kansa, ta kuma tanadi abubuwa biyu da ya kamata alƙali ya iya faɗa da baki. Na farko, idan mutum ya janye bai dawo ba, zagayen da suka rage masa ana ɗaukar su kamar canjaras wajen lissafin waɗanda suka kara da shi, don kada tafiyarsa ta cuce su. Na biyu, idan ana yanke ɗaya, zagayen da mutum ya ƙi bugawa da ganin damarsa shi ake fara duba wajen yankewa. A Swiss-Manager za ka iya tarar da tsohon Buchholz da sabo a cikin jeri ɗaya, sabon yana ɗauke da shekara a jikin sunansa, don haka ka karanta sunan har ƙarshe kafin ka ɗauka.

Duba tebur a tsakiyar gasa da ƙarshenta

Bayan an haɗa zagaye da maɓallin F6, an kuma shigar da sakamako ta F7, teburin matsayi yana ƙarƙashin Lists. Kada ka buga shi a takarda sai ka tabbata babu allon da ya rage ba sakamako, kuma ka kwatanta abin da ka shigar da takardun da 'yan wasa biyu suka sa wa hannu, domin kuskure ɗaya a allo na ashirin yana iya sauya wanda ya ɗauki kofi a allo na ɗaya. Wannan ba zuzutawa ba ce. A gasar ƙasashen duniya da aka yi a Baku a 2016, Amurka da Yukiren sun tashi da maki 20 kowacce, kuma sai da aka jira wasa ɗaya da ya rage tsakanin Jamus da Estoniya kafin a san cewa Amurka ce ta ɗauki zinare.

A kan tebur za ka ga Rk. wato matsayi, SNo wato lambar farawa, suna, ƙasa, Rtg wato kima, Pts. wato maki, sai TB1, TB2, TB3 da sauransu. Waɗannan na ƙarshe su ne ma'aunan da ka jera, kuma a ƙasan tebur akwai bayanin da ya faɗi sunan kowanne. Wannan bayanin shi nake fara karantawa a duk gasar da na buɗe a Chess-Results, domin TB1 na wannan gasa ba lallai ya zama TB1 na waccan ba. Ka lura kuma cewa shafin yana rubuta rabin maki da waƙafi irin na Turai, don haka 4,5 na nufin huɗu da rabi.

Teburin da ya fi amfani wajen bincike shi ne babba mai nuna kowace karawa, wanda ake kira crosstable a cikin manhajar. A gaban kowane suna akwai gida ɗaya ga kowane zagaye. Idan ka ga 12w1, ma'anarsa ya kara da mai matsayi na 12, ya riƙe farare, ya ci. Idan ka ga 5b½, ya kara da na 5 da baƙaƙe an yi canjaras. Da wannan teburin da ɗan guntun takarda, cikin minti biyar za ka iya tara Buchholz na mutum uku na sama da hannunka, kuma ina ganin wajibi ne a yi hakan kafin a kira sunan kowa. Idan lissafinka da na manhaja suka saɓa, ka fara neman zagayen da ba a buga ba a layin mutumin ko na wani abokin karawarsa, domin kusan kullum a nan bambancin yake.

Akwai abin da ya kamata a gaya wa 'yan wasa tun a jawabin buɗe gasa, wato cewa lambobin raba gardama na tsakiyar gasa ba tsayayyu ba ne. Buchholz ɗinka yana hawa duk lokacin da wanda ka taɓa karawa da shi ya ci wasa, ko da kai kana waje kana shan shayi, don haka wanda ya ga kansa na biyu bayan zagaye na shida bai kamata ya ɗauka cewa canjaras a na bakwai zai bar shi a nan ba.

Ɗora sakamako a intanet yana ƙarƙashin umarnin Internet, inda ake aika gasar zuwa Chess-Results, kuma ya kamata a yi hakan bayan kowace haɗawa da bayan kowane sakamako, domin yana rage cincirindo a gaban takardar bango. Ka ajiye kwafin fayil ɗin a filas ko ka tura wa kanka bayan kowane zagaye, da lambar zagayen a jikin sunansa, saboda ɗaukewar wuta ba ta sallama, kuma batirin tsohuwar kwamfuta ba abin dogaro ba ne a yinin da aka fara tun ƙarfe tara na safe.

Ƙungiyoyi da rabon kuɗi

A gasar ƙungiyoyi tambaya ta farko ita ce da me ake jera tebur: da makin karawa, inda nasarar ƙungiya take 2, canjaras 1, ko da jimillar makin alluna. Dole a zaɓi ɗaya a matsayin babba, ɗayan kuma yakan zama ma'auni na farko ko na biyu na raba gardama, kuma a wannan shafin na Tiebreaks ake jera su.

Batun kuɗi kuwa, a rubuta shi a sanarwa daban da batun kofi, domin kofi ba ya rabuwa amma kuɗi yana rabuwa. Mu ce kyautar na biyu naira 60,000 ce, ta na uku naira 40,000, kuma mutum biyu sun yi kunnen doki. Idan aka bi tebur kai tsaye, rabin maki na Buchholz ya zama bambancin naira 20,000. Idan aka raba daidai, kowa ya tafi da 50,000. Akwai hanya ta uku da ake kira tsarin Hort, inda kowa yake karɓar rabin kyautar matsayinsa, sauran rabin a haɗa a raba daidai, wato na biyu ya samu 30,000 da 25,000, jimilla 55,000, na uku ya samu 20,000 da 25,000, jimilla 45,000. A kuma fayyace ko mutum ɗaya zai iya haɗa kyautar gaba ɗaya da ta rukuninsa, ko kuwa zai ɗauki mafi tsoka ya bar ɗayar ga na bayansa.

Idan an shigar da sakamakon ƙarshe, an tara lissafin na sama da hannu ya yi daidai da na manhaja, sai a buga tebur na ƙarshe tare da bayanin ma'aunai a ƙasansa, babban alƙali ya sa hannu, a manna a bango, a ba mutane minti goma ko sha biyar su duba layinsu kafin a fara kiran sunaye. Gasar da aka yi wa rajista don shiga lissafin kima tana da sauran aiki ɗaya, wato a fitar da rahotonta a fayil ɗin da FIDE take karɓa, wanda ake kira TRF, a aika wa jami'in kima na hukumar ces ta Nijeriya cikin wa'adin da aka gindaya, bayan an tabbata kowane ɗan wasa yana da lambar shaidarsa a gurbinta.